Ina Ƙosan Kokon Yaranmu?

Akwai wata gardama da ake tafkawa kusan kowace safiya a gidaje da dama na birnin Sakkwato, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga Ƙofar Marke zuwa Arkilla. Ba ta shiga labaran rediyo, ba a kuma kai ta zauren majalisa, amma tasirinta ga makomar 'ya'yanmu ya fi na maganganu da yawa da muke cika shafukan jarida da su. Gardamar ita ce: da me ya kamata yaro ɗan shekara 9 zuwa 12 ya karya kumallo kafin ya kama hanyar makaranta?

A gidan da kaka take raye, matsayinta sananne ne: koko ko kunu, ɗumamen tuwon jiya, ko hura, kamar yadda muke kiran fura a nan. Za ka ji tana cewa, “Mu da ɗumame aka rene mu, ga mu nan garau. Kayan ledan nan naku ne suka kawo cututtukan da ba mu san sunansu ba.” Uwar yaran kuwa, musamman idan ma'aikaciya ce da dole ta isa wurin aiki kafin ƙarfe takwas, takan amsa cikin ladabi: “Inna, ai ba ƙin koko na yi ba, lokaci ne babu. Kuma ko na dama, ba sa sha.” Shi ya sa shayi da burodi, ko Indomie mai nuna cikin minti biyar, suka zama mafakarta. Shi kuma yaron nasa ra'ayin daban ne. Abin da ya gani a kwandon abokinsa yake so, ko kuma a ba shi kuɗin tara ya sayi biskit da lemo a bakin ƙofar makaranta. Maigida ne kaɗai yakan zame jiki, ya ce shi dai ya ba da kuɗin cefane.

A fahimtata, an ɗora gardamar a kan turbar da ba za ta kai ko'ina ba. An mai da ita takara tsakanin gargajiya da zamani, alhali jikin yaro bai san wannan rabo ba. Abin da jiki yake tambaya shi ne mahaɗi. Mu dubi yadda magabatanmu suka raɗa wa abincinsu suna: koko da ƙosai, fura da nono, tuwo da miya, shinkafa da wake, kunun gyaɗa. Ba a ambaton ɗaya sai da abokin tafiyarsa. Abin da ya same mu a yau, gidan masu koko da gidan masu shayi baki ɗaya, shi ne mun riƙe rabin farko mun saki na biyu.

Kafin mu shiga cikin kwanon, ya kamata mu san wanda ake zuba wa. Yaro mai waɗannan shekaru yana bakin ƙofar balaga ne, lokacin da jiki yake yin girma mafi sauri tun bayan yaye. Yarinya takan fara miƙewa daga wajen shekara 10 ko 11, namiji kuma yakan biyo baya da kimanin shekara biyu. A tsawon shekarun samartaka ne ake tara kusan rabin ƙashin da mutum zai rayu da shi har tsufa, jini yana ƙaruwa, tsoka tana ginuwa, ita kuma yarinya nan gaba kaɗan za ta fara rasa jini duk wata. Ga kuma jadawalin yininsa: ya ci tuwo bayan isha'i, ya tashi da asuba, wani ya wuce makarantar allo, sannan ya zauna a aji daga ƙarfe takwas har bayan ƙarfe ɗaya, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ke nan abin da ya ci da safe ya zo ne bayan awa goma ko fiye ciki ba komai, kuma shi zai riƙe shi wasu awanni biyar ko shida. Hausawa sun riga sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Jamaika ya dace da halinmu ƙwarai. A 1989, Donald Simeon da Sally Grantham-McGregor sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara masu shekara 9 zuwa 10. An kwantar da kowane yaro sau biyu. Wata safiya a ba shi cikakken karin kumallo, wata safiyar kuma kofin shayi kawai, sannan a gwada kaifin tunaninsa. Yaran da suka tashi da wadataccen abinci ba su nuna koma-baya ba a ranar shayi. Amma waɗanda suka tsumbure, da waɗanda suka taɓa fama da tamowa suna ƙanana, sai makinsu ya faɗi. Abin lura a nan shi ne, binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Haka kuma kashi 68 na ƙananan yaran ƙasar suna da ƙarancin jini. Da yawa daga cikin yaran da aka auna a wancan lokaci su ne yau suke aji huɗu zuwa shida na firamare. Su ne ainihin waɗanda kofin shayi zalla yake cutarwa.

Yanzu mu koma ga hikimar mahaɗi. Gero da dawa da masara da alkama suna ba da kuzari, suna kuma da ɗan sinadarin gina jiki, wato furotin, sai dai nasu yana da giɓi: akwai wani tubali da ake kira laisin wanda ya yi musu ƙaranci. Wake da gyaɗa da waken soya, musamman wake, suna cike wannan giɓi, kamar yadda hatsin yake cike nasu giɓin. Kusan rubu'in busasshen wake furotin ne. Matar da ta fara ajiye kaskon ƙosai kusa da ƙwaryar koko ba ta shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma abin da ta haɗa shi ne abin da littattafan kimiyyar abinci suke koyarwa a yau. Haka nono yake yi wa fura, ya ƙara mata furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Tsimin da ake yi wa gero kafin ya zama gasara shi ma yana da amfani, domin yana rage wani sinadari na hatsi da ke hana hanji tsotsar ƙarfen da jini yake bukata. Bugu da ƙari, abinci mai furotin da ɗan maiƙo yakan daɗe a ciki, shi ya sa wanda ya sha koko da ƙosai yake kaiwa azahar, wanda ya sha koko zalla kuwa tun hantsi cikinsa yake kiran ciroma.

A nan ne zan ɗan saɓa wa iyayenmu kakanni, tare da girmamawa. Kokon da ake ba yara da yawa a yau ba shi ne wanda aka rene su da shi ba. An tace gasara an zubar da dusa, an tsinka ta da ruwa don ta isa kowa, an zuba sukari, ƙosai kuma ya zama sai ranar da aka samu. Abin da ya rage ruwa ne da sitaci da zaƙi. Sunansa na gargajiya ne, amma a cikin jiki bambancinsa da shayi da farin burodi kaɗan ne. Haka furar da aka dama da nonon da ya sha ruwa, ko da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, tana iya kai yaro asibiti maimakon aji. Ƙosan da aka soya da man da ya kwana uku a kasko yana baƙi, da gyaɗar da ta yi fumfuna, su ma ba alheri ba ne. Ɗumame kuwa, a lokacin zafi, sai an tafasa shi ya yi zafi har cikinsa, musamman idan na shinkafa ne. Kasancewar abu gādo ba ya wanke shi daga waɗannan sharuɗɗa.

Ɓangaren zamani kuma nasa laifin ya fi fitowa fili. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke ba shi bauri, wanda idan aka sha shi tare da abinci yake rage yawan ƙarfen da jiki zai samu daga abincin. Ga yarinyar da ke dab da fara al'ada, a yankin da ƙarancin jini ya yi katutu, wannan asara ce ta kowace safiya. Madarar da ake ɗan barbaɗawa don shayin ya yi fari ba ta kai ta gyara komai ba, kuma wasu daga cikin na ƙullin leda an cire musu man nono an musanya da man itatuwa, wasu ma garin faranta shayi ne kawai. Sai an karanta jikin ledar ake ganewa. Sai sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a yini, kuma ya fi kyau ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokalin shayi shida ga baligi. Yaron da aka zuba wa cokali uku a kofi, ga garin koko na gwangwani mai nasa sukarin, ga kwalbar lemo a lokacin tara, ya wuce wannan iyaka tun rana ba ta take ba.

Ita kuwa Indomie, wadda asalinta daga Indonisiya ne, aka kuma fara sarrafa ta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, ta shiga gidajenmu har sunanta ya zama sunan duk wata taliyar leda. Ba guba ba ce kamar yadda wasu saƙonnin WhatsApp suke yaɗawa. Fulawa ce da aka soya da mai, da ƙullin kayan ɗanɗano mai gishiri da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, na yaro kuma ya gaza haka, ƙullin nan shi kaɗai kuwa yana cinye kaso mai tsoka na wannan adadi. Matsalarta ita ce matsalar koko zalla: an bar ta ba abokin tafiya. Idan aka fasa mata ƙwai, aka yanka albasa da karas da kabeji ko aka zuba zogale, aka kuma sa rabin kayan ɗanɗanon, ta zama abincin da za a iya ba yaro jefi-jefi ba tare da fargaba ba.

Akwai wani abu da ke ƙarƙashin gardamar wanda ba a cika faɗa ba, shi ne kunya. A makarantun kuɗi da yawa, yaron da ya buɗe kwanonsa aka ga ɗumame ko ɗanwake yakan sha dariyar 'yan ajinsu, wanda ya fito da biskit mai kwali kuwa shi ne ɗan gayu. Uwa ta san haka, ba ta kuma son a raina ɗanta. Ya kamata mu da muka yi boko mu san daga ina wannan ma'auni ya fito. Busasshen hatsin kwali da ake zuba wa madara, wanda muke ɗauka shi ne karin kumallon wayayyu, 'yan'uwa biyu ne masu suna Kellogg suka ƙirƙiro shi a garin Battle Creek na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, ƙaramin ya kafa kamfani a 1906, sannan talla ta yi sauran aikin. A 2015 wannan kamfani ya ƙulla haɗin gwiwa da Tolaram, wanda ke da hannu a sarrafa Indomie a Najeriya. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya nemi kasuwa. Laifin namu ne idan muka bar allon talla ya zaɓa wa 'ya'yanmu abin da za su ji kunyarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero ta duniya, Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Ɗumamen tuwon gero da miyar kuka mai daddawa da wake da ɗan busasshen kifi ya fi yawancin abin da ke cikin kwalayen nan gina jikin yaro, amma shi muke ɓoyewa.

Na san za a ce malam yana magana kamar bai san halin da ake ciki ba. Na sani. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A gidaje da yawa ƙosai bai ɓace don jahilci ba, rashi ne ya kore shi. Sai dai ko a cikin rashin akwai zaɓi. Kuɗin tarar da ke tafiya a biskit da alewa da lemon leda zai iya sayen ƙosai, ko awara, ko ƙullin gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli. Ana iya soya waken soya da gyaɗa a niƙa tare da gero, a ajiye garin a riƙa damawa, mahaɗin ya shiga cikin kunun tun daga tushe. Gwangwanin wake ɗaya da aka jiƙa da daddare zai ba yara alala da safe. Lokacin mangwaro da kankana da gwaba, ko karas da tumatir na fadamun Rima, yanki ɗaya a gefen kwano yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin hatsi da wake.

A nan dole in juyo kan 'yan'uwana magidanta. Ba daidai ba ne mutum ya bar wa gida kuɗin koko zalla, ya tsaya teburin mai shayi a soya masa ƙwai uku. Jikin ɗan shekara arba'in ya gama gini, na ɗan shekara goma sha ɗaya kuwa yanzu ake aza tubalinsa. Har yau ana jin ɓurɓushin camfin nan na cewa yaron da ya saba da cin ƙwai zai zama ɓarawo, da al'adar ware tsokar nama ga maigida a bar wa yara romo. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na furotin mai inganci, kuma a gidan da ake kiwon kaji ko zabi bai kamata duka ya tafi kasuwa ba. Abin takaici ne a ce a jihar da ta yi suna da shanun Gudali da jar akuya, yaro ya yi mako bai ɗanɗana nono ba.

Akwai kuma yaran da gardamar ba ta ma isa gare su ba. Yarinyar da ke ɗauke da bokitin koko da farantin ƙosai tana zaga unguwa da sanyin safiya sau da yawa shekarunta 10 ne ko 11. Ita ke kai wa gari karin kumallo, ita kuma sai ta sayar ta dawo kafin ta sa wani abu a bakinta, idan ma za ta je makarantar. Almajirin da ke tsaye a ƙofar gida da 'yar robarsa shi ma tsaran ɗanmu ne. Idan za mu ba shi ɗumame, mu ɗumama shi da gaske, mu zuba masa miya.

Hukuma ma tana da nata kason. Shirin ciyar da 'yan makaranta na Gwamnatin Tarayya da aka ƙaddamar a 2016, kan Naira 70 ga kowane yaro kafin a mai da shi Naira 100, wanda aka dakatar a farkon 2024, ko a lokacin da yake kan ganiyarsa 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare kawai ya shafa. Wato daidai lokacin da yaro ya shiga shekarun da jikinsa ya fi bukatar abinci, a lokacin ne ake cire sunansa daga layi. Duk wani tsarin ciyarwa da gwamnatin tarayya ko ta jiha za ta yi nan gaba ya kamata ya kai aji shida, a kuma sayi geron da waken da nonon daga manoma da makiyayanmu. Kafin nan, akwai abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi: shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su zauna su tsara abin da za a riƙa sayarwa a bakin ƙofa, su ba masu ƙosai da awara da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace wuri mai tsabta, su kuma tsawata wa yaran da ke yi wa abincin gida dariya.

Ga uwa da kaka da ke jayayya, shawarata ita ce su daina tambayar ko abincin na da ne ko na yanzu, su riƙa yin tambayoyi uku a kan kowane kwano. Ina hatsinsa? Ina mahaɗinsa, wato wake, gyaɗa, nono, ƙwai, awara ko kifi? Ina ɗan ganye ko ɗan itacen da zai raka su? Koko da ƙosai ya ci wannan jarrabawa, haka fura da kindirmo mai tsabta, haka ɗumame da miya mai kyau, haka burodi da wake ko ƙwai. A rage sukari sannu a hankali har harshe ya saba, a bar shayin ganye ga manya, a cika wa yaro gorar ruwa. Shi ma yaron a ba shi nasa haƙƙin: ɗan shekara goma sha ɗaya ya fara jin kansa, umarni kawai ba ya isarsa. A ajiye masa abu biyu masu kyau ya zaɓi ɗaya, a bayyana masa dalili, idan kuma ba ya iya ci da sassafe a ƙulla masa ya tafi da shi ya ci lokacin tara.

Kaka tana da gaskiya cewa abincin gidanmu ya isa ya reni yaro. Uwa ma tana da gaskiya cewa lokaci ya yi ƙaranci, yara kuma suna da nasu son. Inda za su haɗu shi ne a mayar wa koko ƙosansa, a nemo wa burodi da taliya nasu abokan tafiyar, maigida kuma ya sa wannan a lissafin cefane. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, Ya hore wa iyaye abin da za su ciyar da su. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.